Shayin Bayan Matacciyar Bas

Ka san irinsa, kuma ka kau da kai. Yawancinmu da ke da mai ciwon sukari kusa da mu mun iya wannan kau da kai, har muna kiransa tausayi.

Shekara ashirin da shida Baba makaniki ne ke dafa shayin ƙarfe goma a garejin gyaran motar da yake aiki. Ba wanda ya naɗa shi. Tun garejin yana rumfa ɗaya, shi ke wanke hannu da fetur, ya bi da sabulu, ya ɗora butar nan mai lotsattsen murfi. Da ta tafasa kowa ya ajiye sifana. Mai walda ya ɗage tabarau zuwa goshi, Dogo mai fenti ya kifa bokiti ya zauna, a yi ta musu kan wanda ya fi lalata motocin mutane. A nan aka yi masa barka da haihuwar 'yarsa. A nan ya zauna shiru makon da matarsa ta rasu, ana cika masa kofi ba a tambaye shi ba.

Da likita ya gaya masa yana da ciwon sukari, soke yatsa da shan magani ba su karya shi ba. Ranar da ya koma aiki ne Dogo ya tare shi.

"Baba, ai mun daina shayin nan. Ɓata lokaci ne kawai."

Ya yarda. Wata huɗu, in goma ta yi, sai ya ga gareji ya yi tsit, kowa ya ce zai je neman kayan gyara. Shi kaɗai kan benci da ɗan kwanon da 'yarsa ta haɗo masa. A gida ma gaisuwar ta zama ɗaya: "Baba, nawa na'urar awon sukari ta nuna?" Ya fara gaya wa kansa cewa tsufa ne, sun gaji da labaransa. Har ya ce wa 'yar a ƙarshen wata zai bar aikin.

Wata safiya yana neman jak na ɗaga mota, ya zagaya bayan matacciyar bas da ke ƙarshen fili. Ga abokan aikinsa a tsugune, manya da su, kowa da kofi, suna magana ƙasa-ƙasa. Butarsa na kan wuta.

Mai walda ya ɓoye kofinsa a baya, ya ƙone yatsa.

"Wa ya dafa?" in ji Baba.

"Ni ne," in ji Dogo, idonsa a ƙasa.

Baba ya ɗauki butar ya shinshina. "Wannan ai ko a lagireton mota ba zan zuba ba."

Ba wanda ya yi dariya.

"Don kada ranka ya biya ne, Baba," in ji Dogo. " Wallahi don kai muka yi."

"Raina ya biya me? Sukari?" in ji Baba. "Likita sukari ya hana ni. Bai hana ni ku ba. Wata huɗu ina ci ni kaɗai, ina tunanin abin da na yi muku."

Ya zubar da shayin da Dogo ya dafa, ya kai butar gaban rumfa, ya dafa sabo. Ya tsiyayi nasa kafin a sa sukari. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Da ɗaci?" in ji mai walda.

"Kamar waldarka. Matso ka zauna."

Maganar barin aiki bai sake tayar da ita ba.

Kai mai karatu, daina yanke wa naka mai ciwon abin da zai iya jurewa. Je ka yau, ka tambaye shi abin da ciwon ya raba shi da shi, kuma kada ka tashi sai ya gama faɗa.