Sau Ɗaya Aka Tambayi Idrisu

Finjalin gahawa yana hannun Badamasi lokacin da abin ya faru. Har yanzu idan ya tuna, ɗumin finjalin yake fara ji a tafin hannunsa kafin ya ji muryar kowa.

Ranar Juma'a ce bayan La'asar, a wani gidan taro da ƙungiyarsu ta 'yan gida ta kama a bayan unguwar Suwaidi, a birnin Riyadh. Mutum sama da ɗari biyu ne suka cika tsakar gidan, kuma babu wanda bai san dalilin zuwansa ba. Kamfanin da yawancinsu suke wa aikin gini a Dir'iyya ya sanar cewa daga ƙarshen shekara, duk wanda ba shi da takardar shaidar sana'a ba za a sabunta masa kwantiragi ba. Wanda kuwa kwantiraginsa ya mutu, iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta mutu, sai ya ɗaure kayansa ya nemi jirgi. Wata cibiyar koyon sana'a ta yarda ta ba ƙungiyar gurbi arba'in, da sharaɗin a naɗa kwamitin mutum bakwai da zai zaɓi masu shiga, da sana'o'in da za a koyar, da ranakun karatu.

Manya suna zaune a kan darduma a ƙarƙashin rumfa, leburori suna ƙasa a kan tabarmin roba. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Maiwada, dillalin dabino ne a kasuwar Utaiƙa, shekararsa talatin a garin. A gefensa sakatare ne, Abduljalil, haifaffen Riyadh wanda Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa, da kwamfuta a cinyarsa.

Alhaji ya kira sunaye biyar: ɗalibai biyu na jami'a saboda Larabcinsu, 'yan kasuwa biyu, da limamin masaukin leburori. Sai ya ɗaga kai.

"Na shida, a madadin direbobi, Malam Badamasi."

Badamasi bai yi tsammani ba. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa motar da ke kai leburori wurin aiki, ba a taɓa kiran sunansa a taro ba sai in ana neman wanda zai gyara fakin. Ya miƙe, ya yi abin da duk ɗan mutunci yake yi.

"Ni wa, Alhaji? Ai direba ne ni. Akwai waɗanda suka fi ni."

"Mun san su, mun tsallake su. Taso."

"Alhaji, a duba dai."

"Ba shawara muke ba ka ba, Malam Badamasi, umarni ne."

Aka yi dariya, aka yi kabbara. Ya tsallaka ƙafafun mutane ya hau darduma, aka matsa masa, aka miƙa masa gahawa.

Saura kujera ɗaya, ta masu aikin gini, kuma kowa ya san mai ita. Badamasi da kansa ya kai sunan makonni biyu da suka wuce. Idrisu mai ɗaurin rodi ne, shekararsa goma sha tara a kan gine-ginen garin, kuma rabin mutanen da ke kan tabarmin a hannunsa suka koyi riƙe filaya. Ya san wanda ya iya walda da wanda baki kawai ya iya, ya san wanda 'ya'yansa takwas suke jiran saƙo a gida. Ran nan ya sako farar shaddar da ya daɗe da ajiyewa, karin ninkin akwati bai ma sake ta ba, da biro a aljihun gaba da wata takarda a ninke.

Daidai nan Alhaji ya jawo farantin dabino gabansa, ya yi wa sakatare nuni da haɓa ya ƙarasa.

"Na bakwai," in ji Abduljalil, "Idrisu. Baba Idrisu, ka karɓa?"

Idrisu ya miƙe a hankali, ya sunkuyar da kai.

"Ni wa? Ban yi boko ba, ban yi Arabiyya ba. Akwai waɗanda suka fi ni."

Ya tsaya yana jira. Mutum ɗari biyu suka taya shi jira.

A gida, ko limancin sallar Azahar a zaure aka ce mutum ya ja, sai ya ƙi sau ɗaya, ya ƙi sau biyu, a tura shi gaba da hannu. Wanda ya kawo sunan shi yake fara matsawa, babba ya rufe. Bakin Badamasi ake jira. Ya san haka, har ya ja numfashi. Sai ya waiwayi Alhaji, ya ga Alhaji ya tsaga dabino yana cire ƙwallon da farce, cikin natsuwa, idonsa a ƙasa. Ya dubi dardumar da bai yi minti biyar da hawanta ba. Ya kai finjali baki.

"Khalas, shi ke nan, ya janye," in ji Abduljalil, yatsunsa na tafiya a kan kwamfuta. "Mai biye masa a jeri, Sadiƙ."

Sadiƙ surukin Alhaji ne, ma'aikacin wani ofishin sayar da tikitin jirgi, bai taɓa ɗaga bulo ba.

"Na karɓa," in ji shi, tun kafin a rufe baki.

Idrisu ya ɗan ƙara tsayuwa, sannan ya tattare shaddarsa ya zauna.

Da asubahin Asabar Idrisu ya hau mota ya zauna a kujerar gaba, kusa da direba, inda yake zama kullum. Ya yi sallama, ya ce, "Barka da arziki, Malam Badamasi. Allah Ya taya riƙo." Bai ƙara ba har Dir'iyya. Da ya zage shi, da Badamasi ya sami abin riƙewa. Yana sauke mutanen ya juya kan motar, bai koma gareji ba, ya miƙe Utaiƙa yana danna wa duk wanda ya gifta masa oda.

Ya sami Alhaji a rumfarsa tsakanin kwalayen dabino, Abduljalil na zaune a kan kujerar roba yana nuna masa wani abu a waya.

"A'a, ɗan kwamiti! Bismilla, zauna. A kawo shayi?"

"Ban zo shan shayi ba, Alhaji. Abin da aka yi jiya zalunci ne."

Abduljalil ya ɗago. "Wane abu, Baba?"

"Kai ka yi mini shiru tukuna! Mutum ya ce 'ni wa', sai ka rubuta ya janye? A gidan wa aka taɓa yin haka?"

"Wallahi abin da ya faɗa na rubuta. Na tambaye shi, ya ce akwai waɗanda suka fi shi. Ya zan yi, in rubuta ya ce e?"

"Ni ma ai haka na ce!"

"Kai ka ce a'a, ka taso. Shi ya ce a'a, ya zauna."

Fuskar yaron babu ƙarya a cikinta, kuma wannan ya ƙara tunzura Badamasi. Ya juya ga Alhaji.

"Shi an haife shi a nan, bai sani ba. Kai fa? Sau uku ka kira ni. Shekara nawa kana naɗa mutane, yaushe ka taɓa barin sakatare ya karanta suna? Ka san abin da Idrisu zai ce, ka san abin da wannan zai rubuta. Sai ka duƙa kana ɓare dabino!"

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya gyara zaman hularsa.

"Cibiyar nan da Larabci da Turanci za a yi magana da ita. Takardu za a cike. Idrisu mutumin kirki ne, amma sa hannu ma da ƙyar yake yi."

"Larabcin ne ya sa kuka sa ɗalibai biyu! Wa zai gaya musu wanda ya iya aiki? Sadiƙ?"

"Sadiƙ har ya kawo tsari," in ji Abduljalil. "Lahadi zuwa Talata, ƙarfe tara na safe. Kwamfuta da hulɗa da masu saye. Cibiyar ta fi son safiya."

Badamasi ya dafa kwalin da ke kusa da shi.

"Ƙarfe tara na safe? Ƙarfe tara na safe mutanen nan suna hawa na shida, rana na gasa musu ƙeya! Wane shugaban aiki ne zai sake su? Juma'a kaɗai gare su, Idrisu ya faɗa tun farko. Takardar ɗaurin rodi da walda kamfani yake nema, ba ta gaishe da masu saye ba. Gurbi arba'in ɗin 'ya'yanku za su cike, su kuwa a loda su a jirgi!"

Masu rumfunan kusa sun fara leƙowa. Alhaji ya jira ya gama, sannan ya dube shi ido cikin ido.

"Ka gama? To, in tambaye ka. Wa ya kawo sunan Idrisu?"

Alhaji ya nuna shi da yatsa.

"Kai ne. Bakin wa ya kamata ya fara? Ni rufewa nake yi, ba buɗewa ba. Da ka ce uffan, da na tashi na ce umarni ne, ko ina so ko ba na so, don idon jama'a. Na jira ka, Malam Badamasi. Na ji shiru. Da na waiwaya, gahawa kake sha."

Wani mai kura ya wuce yana ihun a ba shi hanya. Badamasi ya matsa masa, sannan ya juyo ga Alhaji.

"To, na sauka. A ba shi tawa."

"Ba laifi. Gobe za a aika sunaye. Ka kawo shi nan kafin Magariba, ya ce da bakinsa yana so, sai a sauya."

Alhaji ya koma kan kwalayensa. Shi ma ya san da wuya mutum irin Idrisu ya zo ya nema da bakinsa.

Lokacin hutun tsakar rana Badamasi ya isa wurin aikin. Injuna sun yi shiru, mutane sun kwanta a inuwar ginin da ba a gama ba, wasu sun yi matashi da hulunan kwano. Ya sami Idrisu shi kaɗai a bayan tulin rodi, yana cin gurasa da madara, safar hannunsa a ajiye kan gwiwa. Ya tsuguna a gabansa.

"Idrisu, na zo ne a kan jiya. Ni na yi laifi. Ba yaron ba, ni."

Idrisu ya ci gaba da tauna.

"Na sauka daga kujerata. Taka ce. Mu je wurin Alhaji da yamma a sa sunanka."

Ya shirya. A hanya ya tsara yadda zai matsa sau biyu, sau uku, sau goma in ta kama, har da maganar da zai rufe da ita. Yana jiran ya ji "ni wa", yana jiran sunkuyar da kai.

Idrisu bai sunkuya ba. Ya haɗiye lomarsa, ya dube shi.

"Ba na so."

"Haba Idrisu, ai ba shawara..."

"Kada ka ƙarasa, Malam Badamasi. Wannan maganar ta jiya ce. Jiya ina tsaye a gaban mutanen da na koya wa aiki, da rigar da na ajiye don ranar komawa gida. Na ƙirga numfashina, bakwai, ina kallon bakinka. Yau kuma in bi ka kasuwa in tsaya gaban Maiwada in ce a taimaka a ba ni? Ni ban iya ba. Ubana bai koya mini ba."

"Mutanen nan fa? In ba ka ciki, da safe za a sa karatun."

"Ai kana ciki."

Ya sa hannu a aljihun rigar aikinsa ya zaro takardar nan ta jiya, ta yi laushi da gumi. Badamasi ya buɗe. Sunaye ne da ajami, layi bayan layi, sittin da uku. Gaban kowane suna akwai sana'arsa, da watan da iƙamarsa za ta mutu, da yawan bakin da yake ciyarwa. An ja layi a ƙarƙashin suna na arba'in. Sunan Idrisu yana ƙasa da layin.

"Mako uku ina bin ɗakuna kafin in haɗa ta," in ji Idrisu. "Kai da aka hau da kai darduma, ka karanta musu. In an miƙo maka gahawa, ka ajiye ta tukuna."

Ya ɗauki safar hannunsa, ya karkaɗe ɓurɓushin gurasa daga cinyarsa, ya tafi wajen famfo yin alwala.

Da yamma mutanen suka hau mota ɗaya bayan ɗaya, ƙurar siminti a girarsu. Wasu suka gaishe shi da "ranka ya daɗe", bai iya gane da gaske suke ko ba'a ba. Idrisu ne ya hau a ƙarshe. Ya yi sallama kamar kullum, ya wuce kujerar gaba, ya bi tsakiyar mota har can baya, inda sababbin zuwa suke zama, aka matsa masa.

Babu wanda ya zauna a gaba. Badamasi ya ɗora takardar a kan kujerar, ya danne ta da kwalbar ruwa don kada iskar taga ta ɗauke ta. Ranar Talata ne zaman farko na kwamiti. Ya tayar da mota, leɓunansa na motsi, yana gwada karanta sunan farko.