Allunan Mai Fenti

"Ku bi a hankali da wannan, akwai mutane a ciki," in ji Mai Fenti daga kan gadonsa.

Ma'aikatan masaƙa biyu da suka kinkimo allon suka yi dariya, amma suka rage sauri. Inna Mai Keke, maƙwabciyarsa, tana riƙe musu labule. Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninsu, tana jin tarinsa, yana jin ƙarar keken ɗinkinta. Da ciwo ya kwantar da shi, ita ta ɗauki jinyarsa.

Alluna bakwai ne, kowanne ya kai ƙyauren ɗaki. A kansu ya fara zana tarihin ƙungiyar ma'aikata kafin ya mayar da shi jikin bangon masaƙa: ranar da aka kafa ta, da babban yajin aiki, da matan da suka zauna a bakin ƙofa har hukumar masaƙa ta sauko. Bara aka rushe bangon don faɗaɗa titi. Allunan kaɗai suka rage, shi ya sa wani attajiri mai tara zane-zane ya yi ta zarya gidan.

Zuwansa na ƙarshe Inna tana nan.

"Baba, a falona zan sa su cikin gilashi. Ko ƙuda ba zai taɓa su ba."

"Wa zai gan su?"

"Baƙina."

"Baƙinka sun taɓa tsayawa gaban inji har ƙafa ta kumbura?"

Bayan ya fita, Inna ta kasa haƙuri. "Yaya, ka sayar da ko ɗaya ne, a kai ka babban asibiti."

"Likita ya gama maganarsa, Inna. Kuma mijinki marigayi yana cikin allo na uku. So kike ya ƙare a falon wani, yana kallon masu shan shayi?"

"Shi da bai iya zama wuri ɗaya ba," ta ce, tana share ido da bakin mayafi. Ranar ta tafi da ƙafarta ta sami sakataren ƙungiya, ta ce su zo su kwashi kayansu.

Yanzu da aka fitar da allo na ƙarshe, Mai Fenti ya ce ba inda mutanensa za su je ba da shi ba. Aka ɗora shi a kujera, ƙarti huɗu suka ɗauka, Inna tana biye da filo.

Zauren ƙungiya ya cika maƙil. Tsofaffin ma'aikata sun zo da jikoki, kowa yana neman kansa a cikin zanen. Wata tsohuwa ta ɗora tafin hannunta a fuskar yayarta da ta rasu, ta daɗe ba ta janye ba. Wani tsohon bakanike ya matso.

"Mai Fenti, ka ƙara mini hanci."

"Ragewa ma na yi, don kar ya tare na bayanka."

Zauren ya ɗauka da dariya. Daga can baya wani ya tada waƙar yajin aiki, tsofaffi suka amsa, matasa suna koyo a bakinsu. Inna ta ga leɓɓan Mai Fenti suna motsi, yana buga hannun kujera da yatsa. Attajirin ma ya zo, yana tsaye a bakin ƙofa. Da aka gama, ya raɗa wa sakatare cewa gilashin da ya tanada za a kawo shi nan.

"Kin ga?" Mai Fenti ya ce mata a hanyar komawa. "Har shi mun sa ya shiga ƙungiya."

Kwana biyu ya ƙara. Da hantsin Alhamis, Inna tana gyara masa filo, ya ce tun da aka kwashe allunan ɗakin ya yi masa faɗi, ta buɗe masa taga. Kafin ta juyo, rai ya yi halinsa.

Bayan mutane sun watse, ta shiga share ɗakin. A ƙarƙashin gado ta sami gwangwani da burushi uku a jiƙe, ruwan ya koma shuɗi. Ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ta daidaita gashinsu da yatsa, ta jera su a bakin taga inda rana take.