Mata a Sama

A unguwarmu ta Mansur, a zamanin da nake ba ku labari, babu gidan da ya fi wani tsawo. Katanga ce ta dutse da laka, wani wurin kuma gwangwanin kananzir da aka baje aka buga da ƙusa, ɗaki biyu ko uku, sai tsakar gida. Iyayenmu da suka tako da ƙafa ta Chadi da Sudan ba su iso Makka da dukiya ba, amma sun iso da irin zamansu: kowane magidanci da gidansa, da iyalinsa, da ƙofarsa.

Sun kuma iso da wata al'ada. Duk namijin da zai hau rufi ko katanga, ko da akuya zai koro, sai ya tsaya ya ɗaga murya tukuna: "Maza a sama!" Sai matan maƙwabta su ja mayafi ko su faɗa ɗaki. Wanda ya san zafin Makka ya san dalili. Da bazara mace ba ta iya zama a gidanta sai da ɗaurin ƙirji, a haka take daka, a haka take wanki, a haka take tsefe kai. Wanda ya hau sama bai yi shela ba, ya shiga bakin unguwa har jikokinsa.

Mahaifiyata, Inna Ruƙayyatu, ita ce mai tsakar gida mafi faɗi a layinmu. Babana ya rasu ya bar mata filin, ita kuma ta riƙe mu da sayar da waina da fura ga alhazai. A tsakiyar gidan akwai bishiyar zogale da ta shuka da irin da ta ƙullo a gefen zane tun daga gida, ta raine ta da ruwan alwala da na wankin shinkafa. A gindinta matan layi suke haɗuwa daka. In ka ce wa Inna ta zaɓa tsakanina da zogalen nan, ni dai ba zan so in tsaya jin amsa ba.

Shekarar da aka fara faɗaɗa Harami, aka rushe gidaje da yawa a wajen Safa da Marwa. Aikin alheri ne, babu mai musu, amma mutanenmu da ke haya a ƙananan ɗakunan wajen sai suka wayi gari ba su da inda za su sa haƙarƙari. Suka kwararo Mansur da tabarmi da tukwane, suka kafa rumfunan buhu a bayan katangarmu. Cikinsu har da Zainabu, wadda suka tako hanya tare da Inna, suka binne mijin Zainabun tare a bakin teku kafin su tsallako. Inna ta shigo da ita gida ranar, amma ita Inna ta kasa cin abinci, don kukan jariran da ke cikin rumfuna yana tsallako katanga.

Sai ta kira Wada magini. Ta ce ya rushe ɗakunanmu, ya ja ɗakuna a kewaye da filin, ya ɗora wasu a kansu, gida ɗaya ya ɗauki iyalai da dama kamar gidajen cikin gari. Duwatsu da azarar gidajen da aka rushe suna nan zube, jakuna kawai ake bukata. Wada ya ce aiki mai yiwuwa ne. Kafin jakin farko ya sauke kaya, magana ta zagaye unguwa.

Wanda ya ja gaba wajen ƙi shi ne Malam Lurwanu, maƙwabcinmu na katanga ɗaya, Basakkwace mai koyar da karatu. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Shi ya yi wa babana wanka, kuma rumfunan buhun nan ma daga gidansa ake kai musu tuwo. Amma mutum ne da in ya kafe, gara ka je ka lallashi dutse. A bayansa akwai dattawa, kowa da nasa ƙorafin. Wannan ya ce layin ɗibar ruwa a bazan, inda masu ga-ruwa ke cika gwangwani, ya riga ya yi tsawo. Wancan ya ce yau Ruƙayyatu, gobe kowa, jibi unguwa ta zama kasuwa, ba ka san wanda ke kwana a kanka ba. Samarin da aka haifa a nan kuwa suna bayan Inna, don da yawansu sun isa aure babu ɗaki, suna ta zuba Larabci da Hausa a haɗe cewa tsofaffi sun mayar da Makka ƙauyensu.

Abin da ya fi yi mini ciwo mata ne. Matan da suka shekara suna daka a turminmu suka ɗauke ƙafa ɗif. In na gamu da su a hanya sai su amsa gaisuwa da ƙyar, kamar na ci musu bashi. Na ji haushinsu ƙwarai a lokacin, amma yanzu na san tsoro ne, don tsakar gida ita ce kaɗai inda mace ke shan iska.

Magana ta kai gaban umda, mai unguwarmu, wani Balarabe dattijo da ke zama a kan dogon benci a bakin titi bayan la'asar. Na raka Inna, muka zauna daga gefe cikin lulluɓi. Umda ya ce mai fili yana da ikon filinsa, amma babu mai ikon cutar da maƙwabci, don haka a faɗa masa cutar. Ƙorafin ruwa da na hayaniya bai ɗauke su da nauyi ba. Sai Malam Lurwanu ya gyara zama.

"Ya umda, mu al'adarmu, namiji in zai hau bisa sai ya yi shela, mata su kimtsa, ya gama ya sauko. To wanga da za ya tare a bisa da kwanansa da tashinsa, shela nawa za ya yi? Ko iyalina su dawwama cikin lulluɓi a gidan da munka gina da hannunmu?"

Gaskiya ya faɗa, har ni sai da na ji ta. Wada ya ce zai sa tagogin katako masu ƙananan huda irin na cikin gari. Malam ya ce wannan ya fi muni, na ciki yana ganinka, kai ba ka ganinsa. Wada ya ce to a toshe ɓangaren maƙwabta gaba ɗaya. Malam ya tambaye shi ko akwai mai iya kwana cikin ɗaki a Makka da bazara, ai dole a fito rufi, kuma rufi ba ya da shamaki. Umda ya juya wajenmu ya ce wa Inna, in ba ta da amsar wannan, ta yi ɗakunan ƙasa kawai ta haƙura da bene. Ɗakunan ƙasa kuwa ko rabin mutanen rumfa ba za su ɗauka ba.

Inna ta murza gwiwarta ta dama, wadda ke damunta tun tafiyar ƙafa. Sannan ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, idon namiji ne abin gudu, ko ba haka ba?"

"Shi ne, Hajiya."

"Ɗayyib. To babu namijin da zai hau. Masu iyali su zauna a ƙasa. Sama ni ce zan koma, ni da Zainabu da duk matar da ba ta da miji a rumfunan nan, kuma suna da yawa. Daga ranar da Wada ya sauke tsaninsa, ƙafar namiji ba za ta taka matakalar nan ba, ko surukina ne. Na faɗa a gaban umda, na faɗa a garin Allah."

Malam Lurwanu ya nemi inda zai kama, babu. A ƙarshe ya ce shi dai yana tausayin gwiwarta, kuma alkawari irin wannan faɗarsa ta fi riƙonsa sauƙi. Inna ta ce gwiwar da ta kawo ta Makka ba za ta kasa kai ta bene ba. Umda ya ce halas, magana ta ƙare, aka shafa fatiha.

A hanyar gida na yi ta masifa. Na ce ta ba baƙi ƙasa ta ɗauki wahala, ta rabu da inuwarta da turminta, a shekarun da ya kamata a ce tana zaune ana kawo mata. Ta bar ni na gaji don kaina, sannan ta ce lokacin da suka iso garin nan ita da babana, wata tsohuwa ce da ba ta san su ba ta matsa musu gefen rumfarta. Ba ta ƙara komai a kai ba. Ranar da Wada ya ce tushen matakala a daidai gindin zogale zai faɗa, ita ta miƙa masa gatari, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa har aka gama. Ganyen kuwa ta sa aka rarraba gida-gida, har gidajen da ba sa gaishe mu.

Aka yi watanni ana gini. Kullum da safe sai ka ji leburori sun kwarara "Maza a sama!", matan layi suna tsaki suna jan mayafi. Har ranar da Wada ya shafe farar ƙasa ta ƙarshe, ya sauko, ya kwantar da tsaninsa. Iyalai suka shiga ɗakunan ƙasa, ni da mijina Awwalu muka samu na kusa da ƙofa. Bayan azahar, rana tana tsakiyar dukanta, Inna ta kama bango ta fara hawa, Zainabu tana tura ta, ni da sauran mata muna biye da ƙullin kaya. Da ta kai rufi ta tsaya ta huta, ta dafa katangar da ta kai mata ƙirji, sai na ga idonta ya yi wani ƙyalli da na sani. Ta cika ƙirji da iska.

"Mata a sama!"

Jama'a, ashe duk muhawarar nan babu wanda ya tuna cewa maza ma suna tuɓewa. Layi gaba ɗaya ya hargitse. Wani ya faɗa ɗaki da kwanon abinci a hannu, wani ya rarumi tabarmar da yake kwance a kai ya naɗe jikinsa. Malam Lurwanu kuwa yana zaune a kan turmi daga shi sai ɗan gyauto, an shafa masa sabulu a kai ana aski. Ya miƙe da rabin kai a aske, ya yi hanyar ɗaki, ya ga nisa, ya dawo ya shige bayan randa. Matarsa, wadda ta yi wata da watanni ba ta yi mana magana ba, ta ɗaga kai ta dubi Inna, dariya ta kayar da ita a ƙasa. Washegari ita ce ta fara hawowa, da ƙwaryar fura a hannu, wai ta zo ganin ɗaki.

Malam bai kai ƙara ba, da wane baki? Rumfa ya kafa a inda yake aski. Inna kuma ba ta sake fitowa rufi ba sai ta yi shela, don ta ce abin da ka nema a yi maka, kai ma ka yi. Rufin nan ya zama wurin matan layi duka, can ake tsefe kai, can ake shan iskar yamma. Mutanen wasu layukan suka riƙa zuwa kallon gidan, wasu suka yi irinsa, wasu suka ce Allah ya kiyaye, kuma har yau ba a gama wannan gardamar ba. Awwalu kuwa daga gindin matakala yake tsugunawa ya gaida surukarsa, ita tana amsawa daga sama. Da rufi ya tsage, mu muka kwaɓa laka muka liƙe, Wada yana ƙasa yana faɗa mana yadda za mu yi.

Shekara uku Inna ta yi a sama. Tun tana saukowa kullum, ta koma sai Juma'a, ta koma ba ta saukowa. Wata safiya bayan ta karya kumallo ta ce wa Zainabu za ta ɗan kishingiɗa, ba ta tashi ba.

Muka yi mata wanka a can, muka suturta ta. Maza suka cika ƙofar gida da makara. Malam Lurwanu ya matso gindin matakala, ya ce lalura ce, shari'a ta yarda, shi da aka yi sharaɗin dominsa ya yafe, a bar mutum huɗu su hau su sauko da ita. Zainabu ta leƙo daga sama, idonta jawur.

"Malam, kai ka yafe. Ita ba ta ce ta janye ba."

Mu muka ɗauko ta, mu shida, yawancinmu tsofaffi, a matakalar da mutum biyu ba sa jerawa. Muna saukowa muna tsayawa, kafaɗata tana gogar bango, ina kuka, kuma wallahi ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba. Maza suka ja da baya suka sunkuyar da kai, babu wanda ya ɗora ƙafa ko a kan matakin farko. Sai da muka taka ƙasa sannan Malam Lurwanu ya miƙo hannu biyu, ya karɓi wajen kanta.