Sa Na Bakwai

A ƙauyenmu ba a taɓa yanka wa Selene, uwargijiyar watan sama, sa na gaske ba. Alkawari kam ana yi, har da ɗaga hannu sama da hawaye shaɓe-shaɓe. Idan buƙata ta biya, sai uwargida ta kwaɓa garin sha'ir da zuma, ta gasa gurasa shida zagayayyu kamar cikakken wata, ta bakwai kuma ta lanƙwasa ta, ta fitar mata da ƙaho biyu. Ita ake kira sa na bakwai. A kai ɗakin uwargijiyar wata da ke bayan gari, a zuba mata ruwan zuma tunda ba ta shan giya, kowa ya kama gabansa. Haka kakanninmu suka yi, kuma watan bai taɓa fasa fitowa ba.

Ƙanena Manason ne ya ɓata lamarin, shi ma tsoro ne ya sa shi. Ranar da matarsa Nikaso ke naƙudar fari, ta wuni a durƙushe abu ya ƙi zuwa, har ungozoma ta fara kallona ta gefen ido. Da rana ta faɗi wata ya leƙo ta kan dutse, sai Manason ya ruga turke ya kwance ɗan farin maraƙinsa, wanda ya yi shekaru yana yi wa mutane ƙodago kafin ya mallaka. Ya jawo shi tsakar gida, ya kama kunnensa ya ɗaga fuskarsa sama, yana cewa, "Uwargijiya, dube shi da kyau. Naki ne, in dai kin bar mini su biyun da rai." Kowa in zai yi alkawari da baki kawai yake yi, ba ya nuna komai. Shi ya nuna, kuma maƙwabta suna kan katanga suna kallo.

Aka sauka lafiya, mace. Da safe aka rataya ulu a ƙofa maimakon ganyen zaitun da ake sa wa namiji. Manason ya leƙa jaririyar, ya fita ya daɗe a tsaye gaban maraƙin, sannan ya zo yana sosa ƙeya ya tambaye ni ko akwai sauran zuma a gidana. Ni na kwaɓa gurasar, kuma ko yau aka dawo da ranar zan sake kwaɓawa. Gidan da ba shi da abin jan garma yunwa ce ke aure a cikinsa, ban ga abin da uwargijiyar da ke yawo a sama za ta yi da ɗan maraƙin talaka ba.

Yarinyar aka sa mata Filaina. Tare suka girma da san. Tun tana rarrafe take bi ta ƙarƙashin cikinsa, da ta yi wayo ita ke kai shi rafi tana zaune a gadon bayansa. Dabbar nan mai taurin kai ce, ubanta ma sai ya haɗa da sanda, amma da ta miƙa hannu sai ya sunkuyar da kai ta sosa masa tsakanin ƙaho.

Tana gab da zama budurwa ciwon ya same ta. A bakin marmaro ne, da hantsi, mata cike da wurin. Tulu ya suɓuce mata, ta faɗi tana shure-shure, kumfa na fita ta baki. Ba wadda ta taɓa ta. Kowace ta ja wuyan rigarta ta tofa yawu a ƙirjinta don kada abin ya tsallako mata, suka yi da'ira suna kallo har na iso. Da wata ya sake cika ta sake faɗuwa, a tsakar gida. Daga nan aka ware mata kaskon shan ruwa, 'yammata suka daina biyo mata, mata kuma suka ce ta riƙa zuwa ɗiban ruwa bayan kowa ya watse.

Sai ga shi kowa ya tuna. Mutanen da ba sa tuna wanda ya ara musu lauje bara, sun tuna yadda Manason ya riƙe kunnen maraƙi shekaru goma sha da suka wuce. Damatiros ne ya jagoranci dattawa zuwa gidan, mutumin da in aka hura wutar suya a ƙauye na uku hancinsa zai kai shi. Shi da bakinsa ya yi wa Selene alkawarin shanu sun fi garke, duk a tanda matarsa ta biya. Ya zauna ya gyara murya ya ce an nuna wa uwargijiya abu an hana ta, shi ya sa ta miƙo hannu ta taɓa abin da aka fi so.

Bayan sun tafi na tare ƙanena a turke. Na gaya masa ruwan shuka ya kusa, in ya rasa san nan da me zai yi huɗa. Na ce akwai mai magani a garin bakin teku da aka ce yana sassauta irin wannan ciwo da sauyin abinci da wasu saiwoyi, ya sayar da ɗan man zaitun ya kai ta. Ya shafa wuyan san, inda karkiya ta cinye gashin.

"Yaya, da namiji aka haifa, da a ranar na yanka san nan," in ji shi. "Ke ma kin sani."

Na sani. Amma wanda yake jin shi ya jawo wa 'yarsa ciwo ba ya jin magana.

Timokiliya, tsohuwar da ke tsaron ɗakin Selene, da farko ta ce dabbar da ta taɓa ɗaukar karkiya ba ta cancanci uwargijiya ba. Sai ta zagaya san, ta shafa fatarsa fara tas, wadda bisa al'ada rabon mai tsaron ɗaki ce. Ta rufe ido na ɗan lokaci, ta buɗe ta ce Selene mai sauƙin kai ce, za ta karɓa.

Aka sa ranar cikar wata, da yamma. Duk ƙauyen ya hallara, har da masu ciwon ƙafa da ba sa iya zuwa jana'iza. Aka yi wa san rawanin furanni, aka watsa masa sha'ir. Saura abu ɗaya: ba a yanka dabba sai an yayyafa mata ruwa a ka ta sunkuya, alamar ta yarda. Timokiliya ta yayyafa, ya tsaya ƙyam yana kallonta. Ta ƙara, ya ɗaga kai sama ya yi huci. Mutane suka fara ƙus-ƙus, Damatiros kuwa har gumi ya keto masa, ya ga nama na neman kuɓucewa. Shi ne ya ce a kira yarinyar.

Aka turo Filaina gaba, mutane na darewa kada rigarta ta shafe su. Ta tsoma hannu a ruwan ta miƙa. San ya ga hannun da ya sani, ya sunkuyar da kai ƙasa yana jiran susa. Aka ce ya yarda. Wuƙa ta sauka, mata suka rangaɗa guɗa.

Kafin jinin ya gama zuba Manason ya ɗaga hannuwansa ga watan da ke fitowa, ya ce idan wannan bai isa ba zai ba da gonar zaitun, idan ita ma ba ta isa ba zai sayar da kansa ga masu fasa dutse a kawo kuɗin ɗakin nan. Na so in toshe masa baki. Filaina na tsaye kusa da shi, hannunta bai ko bushe ba.

Aka ƙona wa uwargijiya ƙashi da kitse, mutane suka cinye sauran. Na ga maiƙo na bin gemun Damatiros yana yabon tsoron alloli irin na Manason. Matan da ke tofa yawu in sun ga yarinyar sun ci sun yi guzuri a gefen mayafi. Ita kam ba ta kai ko tsoka ɗaya baki ba.

Wata ya ragu, ya mutu, ya sake cika, Filaina ba ta faɗi ba. Wani ya sake zagayowa, shiru. Ƙauye ya ɗauka da zancen. Timokiliya ta shimfiɗa farar fatar a ƙofar ɗaki tana ba baƙi labari, mutane daga ƙauyukan kwari suka fara hawowa da gurasarsu. Aka bar yarinyar ta koma marmaro tare da kowa, har matar maƙeri ta fara tambayar Nikaso ko an yi wa 'yarta miji.

Ruwan shuka ya sauka. Manason ya ɗaura igiya a kafaɗa ya shiga gaban garma, Nikaso na riƙe da ita a baya. Rabin gonar kawai suka iya juyawa. Kafaɗunsa suka saluɓe, kullum da yamma sai na shafa masa mai da toka, amma tun yana yaro ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na lokacin ba. Yana ja yana waƙa. Duk wanda ya wuce sai ya tsayar da shi ya ce masa Selene ba ta cin amanar wanda ya cika mata alkawari.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na lura yarinyar da gefe ɗaya take tauna, kuma in an sa wa abinci tsami ko gishiri ya ji sai ta ce ta ƙoshi. Ga wani sabon son tsinko ganye da ya same ta. Tana cikin saƙa ko niƙa sai ta miƙe farat ɗaya ta ɗauki kwando ta ce za ta samo ganyen miya, ta dawo bayan an jima da ɗan abin da bai rufe gindin kwandon ba, idanu sun yi nauyi, ta kwanta ta ce rana ce ta buge ta. Na gaya wa Nikaso. Ta ce in bar ta da baƙin bakina, amma ban ga ta kalle ni ba da take faɗa.

Wata safiya muna tsince wake mu uku, sai yarinyar ta tsaya cak, ta shaƙi iska kamar mai jin ƙauri, ta dafe ciki. Ta ɗauki kwando ta fita da sauri. Nikaso ta dube ni, muka ajiye faifai muka bi ta daga nesa.

Bayan gonakin inabi akwai tsohon ramin masu gawayi da ƙaya ta rufe bakinsa. Nan ta shige. Ko da muka kutsa muka leƙa, abin ya riga ya kama ta, tana birgima ita kaɗai, jini da kumfa na bin haɓarta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ramin kansa. An tsince duwatsun cikinsa kaf an jera a gefe, an shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kauri, ga ɗan tulun ruwa da tsumma a lungu don wanke fuska. Aikin mai hankali ne, kuma ba na rana ɗaya ba.

Nikaso ta dira ciki ta ɗora kan 'yarta a cinya har abin ya lafa. Da Filaina ta buɗe ido ta gane mu, ba ta yi kuka ba, tsoro ne ya cika fuskarta. Uwar ta tambaye ta tun yaushe. Da harshe mai nauyi ta ce bai taɓa tsayawa ba, ko mako ba a yi da yankan ba ya dawo, yanzu ma ya fi zuwa akai-akai. Ta ce tana jin warin ƙuna kafin ya zo, in ta yi sauri tana isowa nan.

"Inna, kada ki gaya wa Baba," in ji ta. "Goggo, ke ma. Gonar zai bayar, daga nan sai shi."

Na buɗe baki in ce wannan hauka ne, wata rana ba za ta iso ramin ba, a bakin rijiya zai same ta ko kusa da wuta. Sai na hango ƙanena can ƙasan tudu, ya duƙa igiya a kafaɗa yana jan garma shi kaɗai, iska na kawo mana guntun waƙarsa. Na san shi. Abin da ya rantse a gaban wata zai yi, kuma Damatiros da Timokiliya za su taya shi da addu'a. A sama ga watan nan fari fat da hantsi, ya kusa ɓacewa, ba abin da ya dame shi. Ban taɓa jin na tsani wani abu kamar yadda na tsane shi a wannan safiya ba.

Nikaso ta jiƙa tsumman ta goge wa 'yarta baki da wuya, ta cire mata ciyawa daga gashi ɗaya bayan ɗaya. Ta karɓi 'yar wuƙar da nake yankan ganye da ita, ta kwance ɗamarar fatar da ke ƙugunta, ta yanko guntu kamar tsawon yatsa, ta ninka shi biyu ta danƙa a tafin yarinyar.

"In kin ji yana zuwa, sa wannan tsakanin haƙoranki," in ji ta. "Jinin nan ne zai tona mu."