Jan Fenti a Jikin Ginshiƙi

Tun da aka fara gyaran tashar jirgin ruwa, sau uku ana matsar da tagar da Auta take sayar da tikiti. Wurin ba fili, gaba ruwa, baya titi, gefe kuma katangar ma'ajiyar kaya. Jirgi bai daina zuwa ba, don haka magina suke rushe rabi su gina, fasinjoji na ratsawa ta wani lungu da aka killace da kwano.

Hayaniyar ba ta dami Auta ba. Abin da ya dame ta ginshiƙi ne guda a ƙarshen zauren jira, daidai inda ake gangarawa ruwa. Shekara ashirin da biyu mahaifinta yana ɗaure jirgi a tashar nan. Duk shekarar da ruwa ya cika har ya hau daɓe, sai ya ɗauko jan fenti ya ja layi a jikin ginshiƙin, ya rubuta shekarar da rubutunsa mai karkata. Layi tara ne, na sama ya kai mata ƙirji. Bayan rasuwarsa yayyenta suka watse, akwatinsa ma ba ta san wanda ya ɗauka ba. Rubutunsa da ya rage mata ke nan. A gindin ginshiƙin take cin abincin rana ita kaɗai, tana kallon ruwa.

Ranar Talata ta tarar an yi masa alama da farin alli, irin wadda ake yi wa bangon da za a taɓa. Kwana uku tana shirya maganar da za ta yi wa injiniya. Da ya tsaya a tagarta yana tambayar lokacin jirgin yamma, sai ta faɗa masa, ta ƙara da sannu da aiki, ya wuce.

Tsohon maginin da kowa ke kira Kawu ne ya lura. Ya same ta a zaune, ya ce, "'Yata, ke da ginshiƙin nan ko gadonsa kika ci? Kullum kina gadinsa, ba a biyanki."

Ta sunkuyar da kai ta ba shi labari. Bai yi dariya ba. Ya zaro abin awo ya gwada layin sama, sannan ya kira injiniya. Injiniya ya duba layukan, ya buɗe takardar zanensa, ya gwada su da abin da ke ciki. Daga baya ya tambayi wanda ya yi wannan aikin.

"Babana," in ji ta.

Injiniya ya ce mutumin ya taimake su, layukan sun nuna inda ruwa ke kaiwa, dole a ƙara wa sabon daɓen tsayi. Ya ɗauki hoto da wayarsa ya tafi.

Washegari Kawu ya zo tagarta da fara'a. Ya ce ba za a rushe ginshiƙin ba, domin rufin lungun fasinjoji a kansa yake, motar rusau ma ba ta da inda za ta juya. Za a ɗaura masa rodi ne a zagaye, a zuba kankare ya ƙara ƙarfi. Ta tambaye shi ko rubutun zai riƙa fitowa. Kawu ya dubi farcensa, ya ce bari ya je, siminti na jiransa.

Ranar da aka zuba kankaren ba ta leƙa ba. Tana jin ƙarar injin kwaɓa tana yagar tikiti. Mako biyu tana cin abinci a cikin ɗan akurkin ɗakinta na tikiti, fuska ga bango.

Ranar da aka yi yaɓe, bayan jirgin la'asar ya tashi, Kawu ya kira ta. Ginshiƙin ya yi ƙiba, ya yi sumul, simintin bai bushe ba. Ya miƙa mata ƙusa, ya nuna mata wuri da yatsa, ya ce daidai nan layin sama yake, ya auna tun kafin a rufe. Yanzu da aka ɗaga daɓe, a ƙugunta wurin ya tsaya.

"Ja, 'yata, kafin ya sha iska."

Ta ja layin. A ƙarƙashinsa ta rubuta shekarar da mahaifinta ya sa, ta ɗan karkatar da lambobin.

Kashegari da rana ta dawo da kwanon abincinta gindin ginshiƙin. Fasinjoji suna ta wucewa da kayansu, ba wanda ya dubi wurin.