Ɗakin Baba a Hawa na Huɗu

Shekara talatin da biyu Baba ya yi yana tuƙa babbar mota, bai taɓa ganin teku ba. Da ciwon suga ya cinye masa ƙafar hagu ya koma kan keken guragu, maganar ta zama abin tsokana a gidan: duk wanda ya tambaye shi me yake so, sai ya ce a kai shi ya ga ruwan da ba shi da ƙarshe. Auta, ƙaramar 'yarsa mai shagon ɗinki, ita kaɗai ce ba ta ɗauki zancen wasa ba.

Ta je wurin wani dillalin tafiye-tafiye ta sayi tafiyar kwana shida zuwa bakin teku a dunƙule, jirgi da otal da mota da abinci. Sau uku tana tambayarsa ko otal ɗin zai yi wa mai keke. Ya ce ta kwantar da hankalinta. Ta ce nata hankalin ba ya kwanciya da maganar baki, ya rubuta. Ya yi dariya, ya rubuta a bayan rasit cewa ɗakin a ƙasa yake, ya sa hannu, ya buga hatimi.

Ɗakin da aka ba su a hawa na huɗu yake. Lif kuwa, na'urar hawa bene, an tare ƙofarsa da tukunyar fulawa, ma'aikata suka ce tun bara ya mutu, ɗakunan ƙasa kuma duk da mutane. Ƙarti biyu suka cicciɓi Baba suka hau da shi, wandonsa na zamewa, baƙi suna kallo. Daga ranar ya ƙi yarda kowa ya sake taɓa shi sai ranar tafiya. Kwana shida yana kallon bangon wani gini ta taga, yana jiyo ƙugin ruwan daga nesa. Auta ta kira lambar gaggawar da aka ba ta har ta haddace kiɗan da ake sa wa mai jira.

Da suka dawo ba ta ko kwance jaka ba ta nufi ofishin dillalin. Ya ce shi mai sayarwa ne kawai, wani kamfani ne ya haɗa tafiyar. Kamfanin ya ce laifin otal ne. Otal ya ce ba wanda ya gaya masa da mai keke za a zo. Ta zagayo ta dawo kan dillalin, ya yi mata tayin rangwame in ta sake yin wata tafiyar.

"Hajiya, a yi haƙuri mana, kowa na kuskure."

"Da ka ce ka yi kuskure, da tuni ina gida. Cewa ka yi ba kai ba ne."

Yayyenta suka ce ta bar wa Allah, mai ɗinki ba ta ja da kamfani mai lauyoyi. Ta ce ta bar wa Allah, amma takardar ƙara ita za ta kai. Ta rufe shago kwana uku tana zirga-zirgar kotu, masu kaya suna ta ƙorafi.

Ranar zaman, lauyan kamfanin ya yi ta zuba. Ya ce matafiyin ya hau jirgi, ya ci abinci, ya kwana a gado mai kyau, kuma shi da kansa ya zaɓi ƙin saukowa alhali an ba shi masu ɗaukarsa. Auta ta yunƙura za ta tashi, Baba ya riƙe mata gefen mayafi. Ya tura kekensa gaba da kansa.

"Ranka ya daɗe, kaya na yi ta ɗauka tun ina saurayi, na san yadda ake ɗaukar kaya. Haka aka ɗauke ni. Sau ɗaya ya ishe ni."

Alƙalin ya daɗe yana juya rasit ɗin. Ya ce yarinyar nan ba ta sayi komai a hannun otal ba. Wanda ya haɗa tafiyar da wanda ya sa hannu ya sayar, su ne za su amsa, in suna da rigima da otal su je can su yi. Ya umarce su su mayar da kuɗin tafiyar da diyya, su kuma cire tallan da ke jikin gilashin ofishin, wanda ke cewa otal ɗin ya dace da masu keken guragu.

Bayan mako biyu ta biyo ta layin ofishin dillalin, ta tarar tallan na nan daram. Ta tsaya a bakin ƙofa da takardar hukuncin, duk wanda ya zo shiga sai ta gaishe shi da ladabi ta karanta masa. A kan mutum na huɗu dillalin ya fito yana huci, ya shiga kankare tallan da makullin motarsa. Auta ta nuna masa wani ɗan guntu da ya rage a kusurwa, ta jira ya cire, sannan ta tare mota ta koma shago.