Inda Aka Turbuɗe Zisis

Ina cikin ba Malam Lambros romon kaza sai ga Gwaggo Harikliya ta turo ƙofa, ko gaisuwa babu. Cokalin ya kusa suɓuce mini. Tun tasowata ban taɓa ganin ƙafarta a gidan nan ba, alhali katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Duk ƙauyenmu an san dalili. Lokacin yaƙin basasa, ƙanenta Zisis yana cikin 'yan tawayen da suka kashe Fotis, yayan Malam. Daga baya sojoji suka harbe Zisis a kan dutse, Malam na cikinsu, kuma shi kaɗai ya rage a duniya da ya san inda aka turbuɗe shi. Ya rantse ba zai faɗa ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a makaranta yana koya mana wata tsohuwar waƙar yaƙi, yana dukan tebur yana cewa fushi ne ya cinye jarumai, ga shi shi ma fushin ya ci shi har ƙashi. Haushi yake ba ni, amma ba shi da kowa, ni ce maƙwabciya, ya zan yi?

Gwaggo ta ja kujera, ta gyara baƙin ɗankwalinta.

"An ce kana shirin tafiya," in ji ta.

"Kin zo ki tabbatar ne?"

"Ciniki na zo. Wa zai yi maka waƙar makoki? Evantiya?" Ta nuna ni da haɓa. "Wannan ko akuyarta ce ta mutu ba ta iya rera mata komai ba."

Na ji zafi, amma gaskiya ta faɗa. Ita kaɗai ta rage da ta iya zama a gefen gawa tana kiran mamaci da waƙa, tana ba shi saƙo ya kai wa waɗanda suka riga shi.

"Fadan coci zai yi addu'a, ya isa," Malam ya ce.

"Ba kai ka koya wa yara cewa wanda aka binne ba kuka, kare ya fi shi ba? Gaya mini inda ƙanena yake, in raka ka yadda ake raka mutane."

Ya juya fuskarsa bango. Ita kuwa ta fito da saƙarta. Haka ta riƙa zuwa kullum da safe, ta zauna tana saƙa, ba ta ce masa ba ya ce mata. Yana ramewa ina gani, ina tsoron kada ya tafi da maganar a bakinsa.

Ranar da ya kasa haɗiye romo, da rana tsaka, ya kira sunanta.

"Ni ban damu da kaina ba," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Fotis shiru aka binne shi, don tsoron mutanenku. Babu macen da ta buɗe baki. Ki sa sunansa a waƙar. Shi za ki fara kira."

Hannunta ya tsaya a kan zaren.

"Kai mugun tsoho ne, Lambros."

"Na sani. Kin yarda?"

"Na yarda."

"Bayan rusasshen cocin nan na sama, gindin ɓauren da ke bakin marmaro. Ɓangaren gabas. Ban bar shi a fili ba, ni na haƙa ramin."

Washegari ya cika. Muka kwantar da shi a tsakar ɗaki, kyandir a wajen kansa. Gwaggo ta kwance ɗankwali, furfurarta ta zubo, ta ɗaga murya. "Fotis" ne ya fara fita daga bakinta, tsofaffin da ke zaune suka dubi juna. Ta yi masa kuka tamkar ɗan ɗakinsu, sannan ta juyo kan Malam ta ba shi saƙo, ya gaya wa Zisis ya ƙara haƙuri kaɗan, yayarsa na nan tafe. Na yi kuka har na rasa wa nake yi wa.

Bayan jana'iza muka hau dutsen da jaki, da shebur, da tulun ruwan inabi na wanke ƙasusuwa kamar yadda ake yi. Ni na haƙa, ita ta wanke, ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe su a farin zane. Da muke saukowa rana ta yi zafi. Tana bisa jakin, ƙunshin a cinyarta, ta ja gefen mayafinta ta yi masa inuwa.